Jar Ciyawar Teku: Abin Da Ta Riga Ta Ba Mu, Da Abin Da Ake Fata

Garin Vimtim yana gindin duwatsun Mandara ne, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, ba da nisa da iyakar Kamaru ba. Mutanensa Fali ne, manoman dawa da gyaɗa da wake, kuma tsakaninsu da bakin teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Ko kogin Yedzaram da ya ratsa ƙasar Mubi bai san hanyar teku ba, arewa yake dosa, wajen tafkin Chadi. Saboda haka idan aka ce filinmu na wannan mako zai yi magana a kan jar ciyawar da ke tsirowa cikin teku, kana a ɗaura zancen a kan Vimtim, mai karatu yana da ikon ya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska?

Abin da ya haɗa su guda biyu ne. Na farko, a 'yan shekarun nan labari ya yawaita a rediyo da wayoyin hannu cewa masana kimiyya sun gano waɗansu sinadarai cikin wannan ciyawa masu kashe ƙwayar ƙanjamau, ko ta zazzaɓin cizon sauro, ko masu hana ciwon daji yaɗuwa. Bayan labarin kuwa sai ga 'yan kasuwa da garin ciyawar cikin kwalabe, suna tallarsa a kan kuɗi masu tsoka. Tallar da ke cikin waya kuwa ba ta san birni da ƙauye ba, yadda take isa Ikko haka take isa Vimtim. Na biyu, wannan ciyawa ta daɗe tana yi wa mutanen ƙasar Mubi da sauranmu duka wani babban aiki wanda babu mai tallarsa. Nufina shi ne mu rarrabe tsakanin aikin da ta riga ta yi da wanda ake fata za ta yi, domin kada talaka ya saki na hannu ya kama na guje.

Da farko dai, ko da yake muna kiranta ciyawa, ta fi kusa da gansakukar da muke gani a bakin rijiya da kududdufi. Ba ta da saiwa irin ta dawa, ba ta fure, a jikin duwatsun cikin teku take manne. Masana sun ƙidaya irinta sama da 7,000. Jan launin da ke jikinta yana ba ta ikon amfani da ɗan hasken rana da ke kai wa zurfin ruwa, har an taɓa samun wata a zurfin da ya wuce mita 200. To, halittar da ke manne wuri guda ba ta iya gudu idan kifi ya zo cinta, ba ta kuma iya kaɗe ƙwayoyin cutar da ke neman zama a jikinta. Sai Ubangiji ya hore mata sinadarai masu ɗaci da masu dafi domin kare kanta. Waɗannan makaman nata su ne masana ke leƙawa, ko za a samu wanda ɗan Adam zai ara.

Bari mu soma da abin da ya tabbata. Duk wanda ya taɓa barin romon ƙafar sa ya kwana a lokacin sanyi ya san yadda yake daskarewa. Da irin wannan daskararren romo ne masanan Jamus suka riƙa renon ƙwayoyin cuta a ƙarni na 19, domin su gan su, su san kamanninsu. Amma yana da aibi: da zafi ya kai na jikin mutum sai ya narke, waɗansu ƙwayoyin ma cinye shi suke yi. A shekarar 1881 wata mata mai suna Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki tare da shahararren masanin nan Robert Koch, ta ba mijinta shawara ya gwada wani gari da take daskarar da kayan zaƙi da shi a ɗakin girkinta, wanda ta koya daga wata maƙwabciya da ta taɓa zama a tsibirin Jaba. Sunan garin agar, kuma daga jar ciyawar teku ake tatso shi. Mutanen Japan sun san shi tun ƙarni na 17. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, ba ya sake daskarewa sai ya sauko wajen digiri 40, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya cinsa. Koch ya ambaci agar cikin rubutunsa na 1882, amma bai ambaci sunan matar ba. A kan farantin agar ne Alexander Fleming ya lura, a birnin Landan a 1928, cewa wata fumfuna ta kashe ƙwayoyin da ke kewaye da ita, daga nan aka samu fenisilin. Har yau, bayan shekara 140 da ɗoriya, ba a samu abin da ya maye gurbin agar a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya ba.

Yanzu mu dawo gida. A watan Mayu na 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kwanta, aka kuma yi asarar rayuka. Ba kowace gudawa ce kwalara ba, kuma hukuma ba ta shelar annoba da ka. Yadda ake tabbatarwa shi ne a ɗebi bayan gidan majinyaci a shafa a kan wani farantin agar mai launin kore, a ajiye cikin akwatin ɗumi. Idan kwalara ce, kafin kwana ɗaya sai a ga ɗigo-ɗigo rawaya sun fito a kan farantin. Haka ake yi wa ruwan ƙashin bayan mai sanƙarau, domin a san ko wace irin ƙwaya ce, a kuma san rigakafin da ya dace da ita. Haka aka riƙa yi da mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022. Duk wani ɗan Vimtim da aka taɓa kai jininsa ko fitsarinsa ɗakin gwaji domin a reni ƙwayar da ke ciki, to, jar ciyawar teku ta yi masa aiki, ko da bai taɓa ganin teku ba.

Aikin farantin bai tsaya ga gano cuta ba. Bayan an reni ƙwayar, sai a shimfiɗa ta a kan wani sabon faranti, a jera 'yan ƙananan takardu waɗanda aka jiƙa da magunguna iri-iri. Washegari sai a duba. Takardar da ƙwaya ta kasa tsirowa a kewayenta, maganinta yana ci. Wadda ƙwaya ta mamaye har bakinta, maganinta ya zama ruwa. Wannan dabara ta zama ƙa'ida tun 1966, kuma ba a taɓa bukatarta kamar yanzu ba. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari, in an auna da yawan jama'a, shi ne namu na Afirka ta Yamma. A lardin Sindh na Pakistan an samu taifot tun 2016 wanda ya gagari kusan dukan magungunan da aka saba ba da su.

A nan ne abin takaicin yake. Kusan kowa ya san wanda aka ce masa yana da "maleriya da taifot", aka haɗa masa kafso da allurai. Gwajin da aka fi dogara da shi wajen faɗin haka, watau gwajin Widal, an ƙirƙiro shi ne tun 1896, kuma likitoci sun daɗe da sanin yana yawan nuna taifot ga wanda ba shi da shi, musamman a ƙasar da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar tun suna yara. Hanyar da ta fi inganci ita ce a reni jinin, a ga ƙwayar ƙuru-ƙuru a kan agar. Amma wannan yana bukatar wuta da ba ta yankewa, da ma'aikaci ƙwararre, da haƙurin 'yan kwanaki, shi ya sa manomin da ya zo daga ƙauye yakan koma gida da ledar magunguna a kan zato. Ya yi asarar kuɗin gyaɗarsa, ƙwayoyin cikin jikinsa kuma sun ƙara koyon yadda za su bijire wa magani. Ko shi agar ɗin ma ba a hannunmu yake ba. Mafi kyawunsa daga wata ciyawa ake samu mai suna Gelidiyum, wadda ba a noma ta, masu nutso ne ke tsinko ta, musamman a gaɓar Maroko wajen garin El Jadida. Da hukumomin Maroko suka taƙaita fitar da ita domin kada ta ƙare, a 2015 sai agar ya yi wuya a duniya, kuɗinsa ya hau.

To, ban da gano cuta, shin akwai maganin sha ko na shafawa da aka samu daga wannan ciyawa? Akwai, amma kaɗan ne. Mutanen Japan sun daɗe suna dafa wata irinta su ba yara domin macijin ciki. A 1953 masanan ƙasar suka ware sinadarin da ke wannan aiki, suka sa masa suna asid ɗin kainik, aka kuma riƙa sayar da shi a matsayin maganin tsutsa. Daga baya aka samu magungunan da suka fi shi, aka kuma gane yana tsokanar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ƙwarai, har yanzu da shi masu bincike ke haddasa wa ɓeraye farfaɗiya domin su fahimci ciwon. Sai kuma karajinan, wani sinadari mai yauƙi kamar kuɓewa, wanda ake sa wa madarar gwangwani da man goge baki domin su yi kauri. Mutanen Ailan sun daɗe suna dafa ciyawar da ke ɗauke da shi cikin madara saboda tari. A yau ana sayar da shi a ƙasashe da dama a matsayin abin fesawa cikin hanci, inda yake lulluɓe ƙwayar mura ya hana ta kama naman hancin, kuma waɗansu gwaje-gwaje sun nuna yana rage kwanakin mura. A 2021 an ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Ajantina a kan ma'aikatan asibiti 394 lokacin annobar korona: mutum 2 suka kamu cikin masu fesa shi, 10 kuma cikin masu fesa ruwan da babu magani ciki. Sakamako ne mai daɗin ji, amma gwajin ƙarami ne, babu kuma wata hukuma da ta ce a bar rigakafi saboda shi.

Daga nan sai mu shiga fagen fata, inda labarin ya fi daɗi a baka. A 1992 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta ba da sanarwar wani sinadari mai suna halomon, daga wata jar ciyawa da aka tsinko a Filifin. A cikin kwalbar gwaji ya yi wa ƙwayoyin ciwon dajin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na hanji mummunar ɓarna. Amma da aka koma neman ƙari, sai aka tarar irin wannan ciyawa a waɗansu wurare ba ta ɗauke da shi, abin da aka samu bai isa a ci gaba da gwaji ba. Yau shekara talatin da 'yan kai, halomon bai zama magani ba. A tsibirin Fiji ma masana daga jihar Jojiya ta Amurka sun samu waɗansu sinadarai waɗanda ciyawar ke kare kanta da su daga fumfuna, suka kuma ga suna kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji. An yi ta yaɗa labarin a 2011, amma har yanzu babu asibitin da ke ba da su.

Darasi mafi girma a nahiyarmu aka koye shi. Masana sun ga karajinan yana hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki a ɗakin gwaji, sai aka yi wani man shafawa da shi mai suna Carraguard, da fatan mace za ta iya kare kanta ba sai ta jira yardar namiji ba. Daga 2004 zuwa 2007 aka gwada shi a kan mata 6,202 a wurare uku na Afirka ta Kudu. Aka raba su biyu, rabi aka ba su man gaske, rabi aka ba su man da babu magani ciki, ba tare da su ko masu ba su sun san wanda kowa ya samu ba. Da aka buɗe sakamako a 2008, mata 134 ne suka kamu cikin masu man gaske, 151 cikin ɗaya rukunin. Masana lissafi suka ce wannan rata ba ta kai a ce man ya yi aiki ba, tana iya zama dace kawai. An kuma gano matan ba su yi amfani da shi ba ko da a rabin lokutan da ya kamata. Man bai cutar da kowa ba, amma bai kare su ba, kuma waɗanda suka kashe miliyoyin daloli a kansa su ne da kansu suka fito suka faɗa wa duniya haka.

Sinadarin da aka fi sa wa rai yanzu shi ne girifitsin, wanda aka ba da labarinsa a 2005, daga wata jar ciyawa ta gaɓar New Zealand. Yadda yake aiki shi ne yana manne wa sukarin da ke lulluɓe da ƙwayar ƙanjamau, kamar yadda ƙarangiya ke kama riga, har ta kasa shiga jikin mutum, kuma ɗan ƙanƙane ya isa. Don kada a faɗa ramin da halomon ya faɗa, sai masana suka dasa umarnin halittarsa cikin wani tsiro dangin taba, a 2009 suka nuna ana iya samunsa da yawa daga ganyen. An yi gwajin farko a kan mutane ƙalilan domin a ga ko yana cutarwa. Amma wannan matakin farko ne, kuma ko ya yi nasara, riga-kafi ne ake nufi da shi, ba warkar da wanda ya riga ya kamu ba.

Mai karatu zai ce me ya sa abin da ya kashe cuta a kwalba yake kasawa a jikin mutum? Amsar ba ta da wuya. Kananzir ma yana kashe ƙwayar cuta a kwalba, amma ba mai hankalin da zai sha. Dole sinadari ya kashe cutar ya bar mai cutar, dole ya tsira daga ruwan ciki da hanta, ya isa inda ciwon yake, ya daɗe gwargwadon bukata, a kuma iya samar da shi da yawa a kan kuɗin da mutane za su iya biya. Shi ya sa tafiyar sabon magani takan ci shekara 10 zuwa 15, kuma cikin guda goma da suka kai matakin gwaji a kan mutane, wajen ɗaya ne ke kai wa ga kanti. Ba wai teku ba ta ba da magani ba ne. Daga soson teku aka samu hasken yin sitarabin na ciwon dajin jini, wanda aka amince da shi a 1969, da eribulin na ciwon dajin nono a 2010. Daga dafin wani dodon koɗin teku aka yi zikonotaid na matsanancin ciwo a 2004. Amma jar ciyawa ba ta riga ta ba da nata na ciwon daji ko na ƙanjamau ba, kuma duk wanda ya ce maka ta bayar, to, ya riga malam masallaci.

Wajibi ne kuma mu kawar da tunanin nan cewa duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Mu da muka san zaƙami da tunya bai kamata a yaudare mu da wannan ba. A 1991 a tsibirin Guwam mutum 13 suka kwanta bayan sun ci wata jar ciyawar teku da aka saba ci a can, uku suka rasu. Ita kuwa wadda ake talla a waya, ana cewa tana ɗauke da ma'adinai 92 tana kuma maganin kome da kome, ba a san gwajin da ya tabbatar da wannan ikirari ba. Abin da aka sani shi ne tana ɗauke da sinadarin aidin, wanda ƙarancinsa ke kawo maƙoƙo, amma yawansa ma yana birkita wannan gaɓa ta wuya, kuma tun 1993 doka ta sa a riƙa zuba aidin cikin gishirin da muke ci. An kuma san ciyawar teku tana tsotse dalma da sauran ƙarafa masu guba idan ruwan da ta tsiro ciki gurɓatacce ne. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin yawancin irin waɗannan kwalabe shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaidar warkarwa ba ce. Mai ido ya duba da kyau zai ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba. Babban haɗari kuwa shi ne mai ƙanjamau ko mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya ajiye maganin da ke riƙe da shi ya koma wa gari a kwalba. Wanda ya yi haka ya sayar da akuyarsa ya sayo kura.

Kada a ɗauka ina cewa a raina tsirrai. Maganin zazzaɓin da muke sha yau daga wani tsiro dangin tazargade ya fito, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka ware sinadarinsa a 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Abin da ya ɗaga shi daga matsayin jiƙo zuwa na magani shi ne awo da gwaji. Mu ma muna da namu misalin. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta ɗauki wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya, na masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace dangin madobiya, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, aka ga yana rage tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Aka ba wani kamfanin Amurka lasisi a 2002, aka ƙaddamar da shi a 2006, amma bayan 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kanti, majinyata suka yi ta jira har aka ba wani kamfani na gida lasisi a 2018. Ilmi bai gaza ba a nan, riƙo ne ya gaza.

Kazalika, idan maganar albarkar ruwa ake yi, ba sai mun hangi Fiji ba. A ƙasar Kanem, gabas da tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi, su sa cikin miya. Suna kiranta dihe. Sai a 1940 wani masani Bafaranshe ya rubuta labarinta, a 1964 kuma wani ɗan Beljiyam ya gan ta a kasuwa ya bi sawunta. Ita ce sifirulina da ake sayarwa yau a kantunan Turai saboda yawan furotin da ke cikinta. Ba dangin jar ciyawa ba ce, abinci ce kuma ba magani ba, amma ta nuna abin da ke kwance a ƙofar gidanmu har sai baƙo ya zo ya auna. A Zanzibar kuwa tun 1989 ake noman jar ciyawa a bakin teku, mata ne mafi yawan manoman, sai dai busasshiya suke sayarwa da arha, a sarrafa ta a ƙasashen waje. Nijeriya tana da gaɓar teku ta kilomita 853, amma garin agar da ɗakunan gwajinmu ke aiki da shi daga waje ake sayo shi.

Saboda haka kirana kashi uku ne. Ga hukumomin lafiya na Adamawa da na sauran jihohi, kafin a yi mafarkin sabon magani daga teku, a ba tsohon da ke hannu haƙƙinsa. Kowane babban asibiti ya samu ɗakin renon ƙwayoyin cuta mai wutar sola da ma'aikata da kayan aiki, a kuma shirya yadda ƙananan asibitoci irin na Vimtim za su riƙa aika jini da sauran abin gwaji zuwa Mubi, sakamako ya dawo ta waya. Kuɗin wannan bai kai abin da annoba guda ke ci ba. Ga malamanmu na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola da takwarorinsu, duwatsun Mandara cike suke da itatuwan da tsofaffi suka san amfaninsu, tsofaffin kuwa tafiya suke yi. A rubuta iliminsu da yardarsu, a ambaci sunayensu, kada a yi musu yadda aka yi wa Fanny Hesse. Kana bincike kada ya tsaya a kan cewa jiƙon ganye ya hana ƙwaya tsirowa a faranti, a samu digiri a rufe kundi; a bi shi zuwa ga ware sinadari da auna gubarsa. Mu 'yan jarida ma da namu: idan za mu ba da labarin wani sabon sinadari, mu faɗa wa jama'a a fili ko a kwalba aka gwada shi, ko a ɓera, ko a mutum.

Kai kuwa mai karatu, idan aka kawo maka wata kwalba aka ce daga teku ta fito, yi tambaya uku kafin ka kwance bakin aljihu. A kan mutum nawa aka gwada ta? Da me aka kwatanta ta? Wace hukuma ce ta duba sakamakon? Idan mai talla ya soma kame-kame, riƙe kuɗinka. Idan kuma zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an sha magani, ka roƙi likita ko akwai halin a reni jinin, domin a san abin da ake yaƙi da shi, ko da za ka yi jiran kwana uku. Mai yiwuwa ne wata rana 'ya'yanmu su sha maganin da ya fito daga jar ciyawar teku, muna kuma yi wa masu wannan bincike fatan alheri. Kafin ranar ta zo, mu yi amfani da abin da ta riga ta ba mu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu daga annoba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.